Hannun Oga a Kan Bolum

Zuwa ga taubashina, Gajere,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ruwan da ka zaɓi zama a kansa kamar ƙasa ta ƙare a duniya. Mu nan lafiya lau. Gwiwata tana nan da halinta. Hawan jini likita ya ce ya sauka, ban san hannun wa ya auna ba. Auta ta bugo daga makaranta, tana gaishe ka. Ogan naka kuwa, maigidana, jiki da sauƙi. Tun shanyewar ɓarin jikin nan hannun dama bai dawo ba, amma yana fitowa falo da sandarsa, har ya fara ajiye tumbi. Magana ce dai take fitowa ɗai-ɗai, kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa. Wannan ba damuwa ba ce, ni na san abin da yake nufi tun bai buɗe baki ba, sai in ƙarasa masa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san ƙungiyarsu ta tsofaffi da ke kiɗa a bayan shagon Tela. Sun ci gaba babu shi, ban ce uffan ba, duniya ba ta tsayawa don mutum ɗaya. To ranar nan Tela mai bes, jitar nan mai kaurin murya, da Mai Aski mai ganga suka zo dubiya. Suka zauna a kujeruna, suka sha shayina, sannan Mai Aski ya ce sun kama situdiyo nan da 'yan watanni, za su ɗauki waƙoƙinsu kafin mutuwa ta ƙarasa su. Wai waƙar Bakin Taga, wadda Oga ya tsara da hannunsa, za su cire solon da ke tsakiyarta, inda jita ke magana ita kaɗai, su ba ɗan fiyano. A gabansa suka faɗa, Gajere! Yana zaune yana kallon silifas ɗinsa.

Na ce, "Jitar ce ta mutu?"

Tela ya ce, "A'a Malama, jita tana nan. Mai bugawa ne babu."

Na ce, "Akwai."

Mai Aski ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, Allah ya sa alhakina ne. Abin da ba su sani ba, tun da aka sallamo Oga nake ɗauko jitar nan don kada tsatsa ta cinye tsirkiyoyin, daga gogewa na koma taɓawa. Duk littafin kiɗan da ke laburaren da nake aiki na karance shi, har wanda gara ta riga ni farawa. Tela dai ya fi wancan hankali. Ya ce in zo gwajin ƙarshe kafin situdiyo, in mai waƙar, wato Oga, ya gyaɗa kai, solo nawa ne. In bai gyaɗa ba, shi ke nan, za a ɗauke ta da fiyano, kuma abin da aka ɗauka ya ɗauku har abada.

Matsala biyu ce. Ta farko, na haddace sikeli, wato jerin sautukan kiɗa, sama da ƙasa, amma in na buga sai ka ji kamar ana bin mutum da gudu a kan matakala. Ta biyu, duk lokacin da na jona amfilifaya, akwatin ƙara sautin nan, a falo, sai Oga ya jawo kujerarsa kusa da ita, ina cikin bugawa ya miƙa hannun hagu ya murɗe bolum, sauti ya ɗauke. Mutumin da nake yi don shi!

Kai ya koya wa jita, har yatsunka suka fashe a ɗakin nan. Ka biya bashin ilimi. Ka rubuto, kuma ka rubuta yadda ɗan Adam zai iya karantawa.

Taubashiyarka da ta fi ƙarfinka.

*

Zuwa ga Malama Shiru-Don-Allah,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta same ni a tashar jiragen ruwa, ina fitowa daga ɗakin inji da baƙin mai har gwiwar hannu. Ina lafiya, sai bayana da ke tuna min shekaru. Na ji daɗin jin Oga yana takawa, ki gaishe min da shi da kyau. Shi kuwa hawan jininki ai ba sauka ya yi ba, tsoro ya ji ya ɓuya.

Na karanta wa kukun jirginmu labarin Mai Aski, ya ce a ba shi adireshin mutumin ya aika masa ta'aziyya tun yanzu.

To, ga karatu. Sikeli ba kiɗa ba ne, kasuwa ce. Ba a kwaso duk abin da ke kasuwa a zuba a tukunya ɗaya. Ki bar manyan sikelin nan na littafi, ki riƙe ƙaramin, mai sauti biyar. Gidan waƙar Bakin Taga yana gaɓa ta biyar a wuyan jita, kan tsirkiya mai kauri. Daga nan ake fita, nan ake dawowa. Duk yawon da za ki yi, kunnen mai sauraro gida yake jira.

Na biyu, ki saurari bes ɗin Tela. Kod uku ne kawai a waƙar, wato sautuka ukun da ake haɗawa a ƙarƙashinki suna canjawa. Duk sanda ya canja, ki sauka a kan sautin da ke cikin sabon kod ɗin. Tsakanin nan da can ki bi ta inda kika ga dama, sauka ce dai ba a yi a gidan maƙwabta.

Na uku, akwai wurin da Oga yake tura tsirkiya ta uku sama daga gaɓa ta bakwai, har ta yi kukan gaɓa ta tara. In ba ta kai ba, kamar ƙofa ce da aka rufe ba ta kama ba. Ki buga ta taran ki ji, sannan ki tura har su zama ɗaya.

Na ƙarshe, ki rera da baki kafin ki buga. Abin da bakinki bai iya rerawa ba, kada yatsa ya taɓa shi. Kuma ki ajiye littafin nan haka.

Maganar bolum kuwa, ki yi haƙuri da shi. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga jitarsa tana kuka a hannun wani, ko da matarsa ce. Wataƙila zuciyarsa ce ba ta ɗauka. Ki riƙa yi a ɗaki.

Ki ɗauki abin da kike bugawa a waya, ki sa a katin memori ki turo cikin ambulan. A tsakiyar teku waya madubi ce kawai.

Naki, Injiniya. Gajere kuma ai tun ina firamare na wuce ki tsawo.

*

Gajere,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Oga ya yi mura ta wuce, ni ma ta taɓa ni ta ga ba riba ta tafi. Allah ya sawwaƙe bayanka, ka rage ɗaga abin da ya fi ka, wato kusan komai.

"Ki ajiye littafin nan haka." Ni? Kai da aka yi ta jan kunnenka kafin ka gama littafin aji uku, yau kai ne mai raba ni da littafi? Ka san maza nawa suka faɗa min wannan maganar tun ina budurwa? Duk na halarci ritayarsu, ba wanda aka tuna abin da ya ce. Na karanta layin nan naka a kan teburin aiki, na ja tsaki har wani mai karatun jarida ya ɗago ya ce, "Malama, shiru don Allah." A laburarena!

Amma gaskiya ɗaya ce, ko daga bakin gajere ta fito. Maganar sauka a kan kod ta yi aiki. Tela ya ba ni waƙar da suka ɗauka a waya ba jita, ita nake kunnawa ina bi. Ranar da na fara sauka daidai lokacin da bes ya juya, sai da gashin jikina ya tashi. Littafin ya faɗi haka a shafuka da yawa, ban ji ba sai da kunne. Ban ajiye shi ba dai, na rufe shi ne. Tura tsirkiya ma tana zuwa. Kan yatsuna sun yi kanta, ba na jin allura. A wurin aiki rula nake riƙewa a ƙarƙashin tebur ina tafiya da yatsu a kanta. Matar da ke saman benenmu ta sauko ta ce ƙara tana hana jaririnta barci, na ce jaririn nata ya hana ni barci tun da aka haife shi, ban hau na ce ta cire masa waya ba. Yanzu muna gaisawa sosai.

A ɗaki kuwa ba zan yi ba. Na gwada, ya biyo ni da sanda.

Ka ji yadda muka yi jiya da la'asar. Na kunna, na shiga solo da ƙarfina, ina zuba sauti ba ƙaƙƙautawa don ya ga na iya. Ya murɗe. Na ci gaba. Ya sake murɗewa. Na cire jitar daga wuya na ce, "Baban Auta, in ba ka so, ka faɗa."

Ya ce, "Ki..."

Na ce, "Ki bari, ko? Na ji."

Ya girgiza kai. "A'a. Ki..."

"Ki rage ƙara? Ai a ƙasa take."

Ya ɗaga hannun ya sake shi a kan cinya, ya juya fuska bango. Ni kuma na shiga kicin na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Ga katin nan. Na ɗauka sau da dama, kuma a kowanne za ka ji aikin ogan naka, sauti yana ɗaukewa kamar wutar lantarki. Ka saurara ka faɗa min gaskiya. In ba kyau ka ce ba kyau, ba da gilashi aka yi ni ba. Ka hanzarta, lokaci yana tafiya.

Taubashiyarka.

*

Gajere,

Muna lafiya, in ka damu ka sani.

Wata ya fita, wani ya shiga ya kusa fita, ba amsa. Na tambayi mai kawo wasiƙu har ya fara tsallake ƙofarmu da sauri. Na kira gwaggo mahaifiyarka, ta ce ita ma ba ta ji daga gare ka ba, amma ba ta ji labarin nutsewar jirgi ba. To tunda kana raye, na gane. Ka saurara, kunya ta kama ka, ka rasa yadda za ka faɗa wa tsohuwa ta koma kan littattafanta. Da ka faɗa kawai. Shirun namiji na san fassararsa, da shi nake kwana nake tashi.

Kai ka ce zuciyarsa ce ba ta ɗauka. Na yi ta juya maganar. In haka ne, to ni ce nake tsaye a kan ciwonsa kullum da la'asar ina tsalle, ina cewa don shi nake yi. Zan iya faɗa da Mai Aski, da matar sama, da kai, da duk mazan garin nan a jere. Ba zan yi faɗa da mutumin da ba shi da bakin ramawa ba.

Na goge jitar na mayar da ita akwatinta, na tura ƙarƙashin gado. Gidan ya yi tsit, matar sama har da kawo min lemo. Shi kuma tun ranar kujerarsa tana nan kusa da amfilifaya, yana zama a wurin, ban san me yake jira ba. Gwajin ƙarshe ya matso. Zan je in ce wa Tela a ba ɗan fiyano, in tsaya Mai Aski ya yi dariyarsa ya gama.

Ba sai ka amsa ba.

*

Yaya,

Yau ba tsokana a gaisuwa. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Wasiƙunki biyu tare suka zo hannuna jiya a jaka ɗaya. Makonni muka yi a tsaye a bakin tasha muna jiran wurin sauke kaya, muna hango fitilun gari ba halin taka ƙasa. Ba kunya ba ce, layi ne. Don Allah in ba ki riga kin je wurin Tela ba, ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki fara zagina.

Na saurari katin. Hannunki ya yi kyau, ba daɗin baki ba. Kina sauka daidai, turin tsirkiyarki ya kusa kaiwa. Amma kina bugawa kamar wadda za a ƙwace wa jitar in ta tsaya. Daga farkon solo har ƙarshe ba inda mutum zai sa allura.

Sai na koma kan yankewar sautin. A ɗauka ta farko na ji haushi, kamar ke. A ta biyu na ce ikon Allah. A ta uku na tashi zaune. Yaya, a wuri ɗaya yake murɗewa kowane lokaci. Da kin dawo gida bayan jimlar farko, ya murɗe. Da kin tura tsirkiya ta kai sama, ya bar ta ta yi kuka kaɗan, ya murɗe. Dab da bes zai juya na ƙarshe, ya murɗe. Ki kunna su ki ji da kanki. Kuma ga abin da ni da ke duka muka tsallake: yana dawo da shi. Kowane lokaci yana dawo da bolum daidai kan bugun ganga. Wanda yake son kashe kiɗa ba ya dawo da shi.

Ni na ɓatar da ke da maganar zuciya, na yi fassara daga nesa. Da yana koya min, in na cika surutu da yatsu, tafin hannunsa yake ɗorawa a kan tsirkiyoyin ya ce, "Bar Mai Aski ya yi magana." Yanzu ba hannun, ba bakin. Abin murɗa bolum ne ya rage masa. Ba korar ki yake yi ba, darasi yake ba ki tun watanni, ke kuma kina wanke tukwane.

Kuma abin haushin, ba wanda ya fi ki iya wannan. Ranar da na fasa miki tabarau muna yara, kin ce, "Gajere, kai dai..." sai kika tsaya. Gidan gaba ɗaya ya daina numfashi. Kalmar da ta biyo baya har yau tana min ƙaiƙayi, amma tsayawar ce ta kashe ni. Haka ake solo.

Ki jawo akwatin nan. Inda yake murɗewa, ki ɗaga hannu ki ƙirga bugun a zuci, ki shigo inda yake dawo da ke. Na aika wannan ta hannun wani abokin aiki da zai hau jirgin sama gobe, Allah ya sa ta riga ki zuwa shagon Tela.

Ƙaninki, Gajere. Na karɓi sunan, na yau kawai.

*

Zuwa ga taubashina, Injiniya, na yau kawai,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya ƙalau. Gwiwa ta yi sauƙi, Auta ta zo hutu ta cinye mana firji. Oga yana gaishe ka, kuma da bakinsa ya faɗa, ba ni na ƙarasa ba.

Wasiƙarka ta same ni da mayafi a kafaɗa, zan fita wurin Tela. Na karanta a tsaye. Na zage ka, na zagi jirginku, na zagi wanda ya ƙirƙiro layi. Sannan na kunna abin da na ɗauka, na saurara da kunnen da nake sauraron mai ƙaryar ya dawo da littafi. Wuri ɗaya ne. Ni da nake gane inda marubuci ya cika surutu tun daga shafin farko!

Na jawo akwatin. Da ya ji ƙarar zif ɗin sai ya gyara zama. Na kunna waƙar, na yi jimlar farko, na dawo gida. Na ga hannunsa ya taso, sai na riga shi, na ɗauke nawa. Hannun ya tsaya a iska. Gajere, shiru yana da nauyi. Bugu biyu ne kawai, amma ji na yi kamar na saki jariri a kasuwa. Kuma a cikin ramin nan sai ga gangar Mai Aski tana amsawa, tarara-dam. Watanni ina bin waƙar nan ban taɓa jin ta ba, ashe a kanta nake tafiya. Mutumin ba shi da ɗa'a, amma yana da hannu. Kada ka faɗa masa.

Oga ya mayar da hannunsa cinya. Bai yi murmushi ba, ka san shi. Ƙafarsa mai lafiya ce ta fara taka ƙasa. Haka muka yi ta yi kullum har ranar gwaji. Wani wurin in tsaya ya nuna min da haɓa in ci gaba, wani wurin in manta ya murɗe, in ce, "Na gani, ai na gani," ya ɗaga gira.

Ranar gwaji muka tafi tare a tasi. Bayan shagon yana nan yadda ka san shi, kekunan ɗinki an tura bango, ƙyallaye a ƙasa, fanka mai kai ɗaya tana huci. Ɗan fiyano ya gaishe ni da ladabin wanda ya riga ya ci gado. Tela ya sa wa Oga kujera a tsakiya, ya ƙi, ya ja ta da kansa har gefen amfilifaya, ya ɗora hannun hagu a kan bolum. Mai Aski ya ce, "To Malama, ga birki nan an tanada." Na ce, "Kai dai riƙe sandunanka, kada su riga ka tsufa."

Aka shiga. Da solo ya zo na yi jimlar farko na tsaya. Mai Aski ya amsa, kuma na ga ya ɗago kai, don rabon da a bar masa wurin nan tun Oga yana tsaye. Na tura tsirkiya, ta ɗan gaza, na ƙara mata har ta kama, na bar ta ta yi kukanta. Duk wannan ina kallon hannun nan ta wutsiyar ido. Bai motsa ba. Sai a jimlar ƙarshe na ga yatsun sun juya, na ce shi ke nan. Sama ya murɗa. Gwangwanin alluran Tela ya yi ta rawa a kan tebur har ya faɗo.

Da aka gama Tela ya ce, "Oga, mai waƙa, yaya?"

Ya ce, "Tsir..."

Gajere, kalmomi goma suka taso min a maƙogwaro, kowacce da takalminta. Na danne harshe da haƙori. Fanka tana huci. Mai Aski ya buɗe baki zai taimaka, na yi masa kallon laburare, ya rufe. Muka jira.

Oga ya ce, "Tsirkiyarta... ta biyu... ta saki. A ɗaure... a ɗauka."

Ka ji fa. Jimla mafi tsawo da ya yi tun da ya kwanta, a gaban mutane, kuma ƙorafi ce a kaina. Tela ya juya yana share ido da ƙyallen wani, Mai Aski ya buga farantin ƙarfen gangarsa, ɗan fiyano ya ce dama shi bai so ba. Ni kuwa na ce, "Baban Auta, duk abin da na buga, abin da ka ji ke nan?" Ya gyaɗa kai. Tela ya ce, "Ya gyaɗa! Kowa shaida ne."

Situdiyo ranar Asabar. An ce a can injiniyan sauti ne kaɗai yake taɓa bolum, na ce to su tanadi kujera biyu.

In za ka zo, ka taho min da tsirkiyoyi masu laushi, saiti biyu. Ta biyun kuwa na duba da muka dawo gida. Ta saki ɗin.

Taubashiyarka, mai solo.